Kawu Bature Ya Zana Mini Babana

Kawu Bature mai fenti ne a Funtua, yana ƙawata Keke Napep. Ƙauyenmu ɗaya. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu ina ƙarami, yake zana mutanen garinmu a takardar buhun siminti.

Babana ya rasu a harin, bai bar hoto ba, kamanninsa har sun fara ɓace mini. Kawu ya zana fuskarsa, na ce, "Wannan ai mai shayin tasha ne!"

"Ja'iri," in ji shi, "kai ƙeyarsa ka sani."

Ya sake zana shi ta baya, da galma a kafaɗa, yana ɗingisawa a hanyar gona, yadda nake bin sa kullum. Nan take na gane babana. Allah ya saka wa Kawu da alheri.