Jan Zaren da Mma Hasiya Ta Sake Ɗinkawa

Ina cikin trotro, motar hayar Akara, daga unguwar Madina ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara. Saudatu ce, autar Mma Hasiya tela. Ta ce, "Anti Rabi, Mma ya tafi. Yanzu-yanzun nan." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na mayar da wayar cikin jaka. Sai da motar ta wuce Nima na tuna a can zan sauka. Yau kwana tara ke nan, ina cin abinci, ina zuwa aiki, hawaye kuwa ko ɗigo bai zo ba.

Mahaifin Mma Hasiya fataucin goro ya kawo shi Gana daga ƙasar Sakkwato, bai sake komawa ba. Ita a Nima aka haife ta, ta kuma tsufa a kan keken ɗinkinta a wani lungu na Maamobi. Duk baƙon da ya sauka Zango da yara, daga Nijar ne ko Burkina ko arewacin Gana, kafin ya gama gane hanyar masallaci za ta bayyana a ƙofarsa da abin awo rataye a wuya. Ba ta tambayar kowa ko yaron zai shiga makarantar boko. Auna shi kawai take yi, ta ɗinka masa rigar makaranta. Takan ce, "In riga ta ɗinku, kunya za ta sa uban ya kai shi." Ko 'yan matan da ke dako a unguwar Tudu ba su tsira daga awonta ba. Tana ɗinka rigar da faɗi, ta naɗe bakinta sau uku, in an yi mata tsiya ta ce karatu dogo ne, yaro kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Tana da wata al'ada da ba ta fasawa. Sai ta tambayi uban yaro sunan ƙauyen da suka fito, ta ɗinka shi da ajami, da jan zare, a cikin wuyan rigar. "Malami zai koya maka sunayen ƙasashen duniya," in ji ta, "amma ƙauyenku ba ya cikin littafinsa."

Ina da shekara bakwai ta ɗinka mini tawa. Mahaifina mutumin Nijar ne, yana lodin kaya a tashar Tudu. Ranar farko a aji wata yarinya ta hango rubutun a wuyana, ta yi ihu wai na zo da juju, wato asiri. Aji ya ɗauka. Ina komawa gida na sa reza na warware zaren tas, alhali ko karanta shi ban iya ba tukuna. A shekarar nan zazzaɓi ya ɗauke mahaifina. Mahaifiyata haihuwar Zango ce, abin da ta sani kawai shi ne ƙauyen yana wajen Dogon Dutsi.

Da rigar ta yi mini kaɗan na mayar wa Mma Hasiya, kamar yadda kowa yake yi don na baya su samu. Ta juya wuyan, ta dube shi, ta dube ni. Ba ta ce uffan ba. Ta auna ni, ta ɗinka wata, wuyanta fayau.

Wannan shirun ya bi ni shekara talatin. Na zama malamar makaranta, ni ma ina kai mata yaran baƙi tana aunawa. Na san a duk Akara ita kaɗai ta rage da ta ji sunan ƙauyenmu daga bakin mahaifina, amma duk ranar da na yi niyyar tambaya sai in ɓuge da tambayar ciwon ƙafarta. Kunya nake ji, ba wani abu ba. Bara 'yata ta ce, "Mama, mu 'yan ina ne?" Na ce mata Nima. Na ɗauka Mma Hasiya tana nan, ba inda za ta.

Ranar addu'ar bakwai, mata suna ta rabon masa, Saudatu ta ja ni cikin shagon ɗinkin Mma Hasiya. An rufe keken da zane. Ta miƙo mini wata leda ta ce, "Mma ya ce ranar da kin tambaya a ba ki. Ba ki tambaya ba, amma ni ba zan iya ajiye shi ba."

'Yar rigata ce, ta koɗe, ba ta kai tsawon hannuna ba. Ashe Mma Hasiya ba ta ba kowa ita ba. Na juya wuyan. Ta bi ramukan allurar farko ɗaya bayan ɗaya ta mayar da jan zaren: Tungar Mairaƙumi. Na karanta a tsaye, na sake karantawa. Saudatu tana kuka, ni kuwa ina riƙe da rigar kawai, na rasa wanda zan ce wa na gode.

Ya Allah, baiwarka Hasiya ta zo gare Ka. Ka yalwata mata kabarinta, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta 'ya'yan baƙi. Ka ba Saudatu da yayyenta da jikoki haƙurin rashi, Ka bar wannan keken yana juyawa a hannunsu. Ka yafe mata, ya Ubangiji, yadda ta yafe mini ban ko buɗe baki na roƙa ba. Amin.