Ƙwayar Idon Zakara Huɗu a Cikin Hajo

Ko na bar aiki ba zan manta da wata Talata ta tsakiyar damina ba. Lokacin ina ƙaramin malamin asibiti a wani ɗakin shan magani kusa da Fakku, ni kaɗai, shugabana yana Kebbe.

Da hantsi sai ga wata tsohuwa daga ruga, Inna Dije, goye da jikarta Hajo 'yar shekara uku, uwar yarinyar na biye tana kuka. Ashe tsohuwar idon zakara ta tsinko, mai yaɗon nan da ke hawa shinge, za ta dafa ganyen don tari. Ta ware 'ya'yan a gefen tabarma, jajaye masu baƙin ɗigo, Hajo ta gani ta kai baki. Ku sababbin ma'aikata ku riƙe wannan: ganyen ake magani da shi, ƙwayar kuwa guba ce, in an tauna ta ba ta da makari.

Nan take na ɗauko waya. Na kira shugabana, ya ce tambaya ɗaya ce, ta tauna ko haɗiyewa ta yi? To ni ina na sani! Na rufe tsohuwar da faɗa. Ta bari na gama, sannan ta buɗe bakin yarinyar.

"Malam, duba da kanka. In an tauna, jan shina maƙalewa ga haƙora. Shidda na aje, ga biyu, fuɗu ta haɗiye."

Na haska tocila, babu ko ɗigon ja. Duk da haka ƙa'ida ita ce a tura babban asibiti. Na rubuta takarda, muka hau babura biyu, muna kutsa laka har Tambuwal. Likita ya kwantar da Hajo, ya ce a sa ido kan bayan gidanta.

Washegari na koma dubiya, na iske Hajo ta sauka daga kan fo. Na karɓi tsinke ina tonawa, Inna Dije na ƙirgawa. Uku suka fito, ta huɗu ta ƙi, uwar ta dafe ƙirji. Can sai ga ta, jajir, ko tsaguwa babu. Jama'a, ni da farar rigata na durƙusa gaban fo ina kabbara, har ma'aikatan jinya suka sheƙo a guje!

Tun ranar, duk wanda ya zo mini bayan ya yi maganin gida, ba na fara masa da faɗa. Sai na ce ya zauna ya gaya mini abin da ya gani.