Makarar da Muka Ɗauka a Nima

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da muka ɗauki makara a unguwar Nima ba. Lokacin ina ɗalibin jami'a, mu biyar muka taso daga Kano zuwa Accra aikin sa-kai, wai mu koya wa matasan Zango yadda ake kai kuka gaban hukuma. Ni ne sarkin rawar kai a cikinmu.

Kukansu ɗaya ne, babbar kwatar da ta ratsa unguwar, wadda ke cika ta afka ɗakuna duk damina. Suka ce a rubuta takarda. Na ce, "Takarda? Wa zai karanta? Mu yi abin da ido zai gani." Na sa kafinta ya haɗa mana makara, muka sayo farin yadi. Wani saurayi tela ya yarda ya kwanta a matsayin wanda ruwa ya ci. Na ja masa kunne kada ya motsa sai ya ji na busa usur. Ko dattijo ɗaya ban shawarta ba.

Da hantsi muka fito ɗauke da makarar za mu ofishin hukuma. Ɗoki ya mantar da ni abin da na sani tun ina yaro, cewa Musulmi ba ya ganin makara ya zauna. Rediyoyin shaguna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Nima mai hayaniya ta yi tsit, sai ƙarar takalma da salati ƙasa-ƙasa. Wani ya sa kafaɗa ya karɓe ni, wani ya karɓe shi, kafin in ankara babu namu ko ɗaya a ƙarƙashinta. Aka miƙe sai masallaci.

Na busa usur. Telan bai motsa ba. Na sake busawa har kunnena ya toshe. Wani tsoho ya damƙe hannuna ya ce, "Kai, ba a wasa wurin gawa!"

Aka sauke shi, aka fara tsayar da sahu. Ashe wata daga cikin matasan da muke koya wa ta ruga ta gaya wa uwarsa, sai ga ta ba ko takalmi. Na faɗa kan makarar ina ihu, "Da ransa! Wallahi da ransa!" Na yage yadin. Idonsa a buɗe, jikinsa sanyi ƙalau a wannan zafin. Tsoro ya kama ni. Sai da aka sheƙa masa ruwa ya ja numfashi.

Ya dube ni ya ce, "Na ji usur, malam. Na ji kukan mama. Na ce wa jikina tashi, ya ƙi."

Uwar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa ta yi, "Bara war haka na ga an ɗauki wansa a makara. Ruwan kwatar nan ne ya ci shi. Ka tambaya?"

Ban tambaya ba. Tun daga ranar na koyi cewa kafin ka koya wa mutane yadda za su yi kuka, ka zauna ka ji abin da suka riga suka binne.