Sunan Ɗan Fari a Cikin Inji

Na haihu shida, na aurar da biyu, sannan na riƙe alƙalami. Ajin yaƙi da jahilci na shiga nan Dakoro, bayan tashar mota, na yi shekara uku ina fama da baƙaƙe har suka bi ni. Saboda haka ranar da ƙungiyarmu ta mata ta samu ordinatar, wato kwamfuta, aka ce ana neman masu koyo, ban jira an nuna ni ba.

Malamin da aka turo mana daga Maradi, Mushe muke ce masa. Ya faɗa mana tun farko cewa bayan girbi zai koma gida, kuma mace ɗaya cikinmu zai bar wa injin, ita ke buɗe wa kowa shiga, ita ke tsare takardun ƙungiya da hotunan membobi. Wasu maza na kwamiti sun so a nemo namiji mai takardar lakwal, wato makarantar boko. Ni kuwa na sa raina a wurin, kuma na faɗa a gabansu.

Mushe bai bar mu mu taɓa ainihin injin ba. A cikinsa ya gina wa kowace ƙaramin inji nata na gwaji, wanda in ya lalace ba a yi asarar komai ba. Babu hoto, babu abin dannawa, baƙin allo ne kawai kana rubuta umarni yana amsawa. Sauran mata sun tsorata da shi, ni ya yi mini daidai, don ba ya kwana-kwana. Ka rubuta ls ya jera abin da ke wurin, ka rubuta cd ya kai ka wani ɗaki, ka yi kuskure ya ce bai gane ba. A kaye, littafin rubutuna, nake kwafe umarnin, ina bita lokacin da tukunya ke kan wuta.

Jarrabawar ita ce kowace ta tsare injinta mako guda, da takardun gwaji a ciki, kada kowa ya shiga. Sai a zaɓi kalmar sirri. Mushe ya ce a sa abin da ba za a taɓa jin sa a bakinka ba. Na yi dariya a raina. Shekara talatin ke nan ban kira sunan ɗana na fari ba, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi. Ko da wuƙa a wuya ba a ciro shi daga bakina. Na sa yatsa na buga shi harafi-harafi, karo na farko a rayuwata, har na ji fuskata ta yi zafi, na waiga ko wani ya gani.

Kwana huɗu lafiya. Ranar kasuwa na zo da hantsi na buɗe, na rubuta ls, allo ya dawo fayau. Takardun sun tafi.

Ban tashi ba. Na rubuta last, injin ya nuna an shiga jiya bayan azahar, lokacin ina gidan suna. Na rubuta history, ya zubo duk umarnin da aka ba shi. Ba gogewa aka yi ba, an kwashe su ne zuwa ɓoyayyen ɗaki, har mai kwashewar ta yi kuskure sau biyu kafin ta dace. Na bi sawu na same su cif, na mayar. Wadda ke zaman koyo bayan azahar kuwa na san ta, ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, wadda ke zuwa daga Adjekoriya.

Ina juyawa na gan ta bakin ƙofa tana dariya.

Na ce, "Ke baiwata, wa ya faɗa miki?"

"Wa zai faɗa mini? Bakinki ne ba ya faɗi, uwar kunya. Ni ina wurin ranar da anka raɗa mashi, ni na goye shi. Bugu ɗaya ƙofa ta buɗe."

Na canza kalmar nan take, na haɗa haruffa da lambobi marasa dangi da kowa nawa. Taubashiyata ta ce ta rufe bakinta, Mushe ba zai ji ba. Na ce daga bakina zai ji. Na je na shaida masa an shiga injina, laifina ne, na nuna masa sawun da yadda na dawo da kayan. Ya tambaya wace kalma na sa da farko. Na ce wannan kam ba ya jin ta, sai dai ya tambayi waccan ɓarauniyar.

Bayan girbi ni ya miƙa wa injin, a gaban mazan kwamiti.

Aikina na farko, na tara matan na ce kowace ta ba ni izini in gwada ƙofarta sau ɗaya. Na san 'ya'yansu duka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bugawa, ƙofofi suna buɗewa, suna rufe fuska da mayafi. Guda ce ta gagare ni, wata dattijuwa daga Azagor. Na tsaya na yi tunani, na buga sunan mijinta, ƙofa ta buɗe.