Katakon Birkin Yaya Sani

Da damunar nan Yaya Sani ya cika shekara goma a kabari, kuma har yau akwai masu cewa gangancinsa ne ya kifar da tarakta a gangaren rafin Birchi. Ni ƙanensa ne, kafinta a Kurfi, kuma na gaji da haɗiye wannan magana.

Lokacin da aka fara kawo tarakta Dutsin-Ma, yana cikin waɗanda aka koya wa tuƙi. Gajere ne, duk gidanmu haka muke. Ita kuwa motar, wanda ya ƙera ta dogo ya auna. In Yaya ya zauna daidai, ƙafarsa ba ta kai birki sai ya zamo gaba. Kujerar ƙarfe ce tsura, da rana ta ɗau zafi kamar tanda, da yamma ya dawo gida yana dafe da ƙugu. Inna ta ɗinka masa matashin audugar rimi, ni na sassaƙa masa katako muka ɗaure a kan birkin da waya. Damuna biyu yana huɗa daga Rawayau har Dabawa, ko akuya bai taɓa bugewa ba.

Sai wani babba ya zo duba motoci, ya ga katakon, ya ce kayan hukuma ba a yi musu ƙari. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar ce ba ta kai." Aka ce ko ya cire ko ya ajiye makulli. Mai iyali ne, ya cire. A makon ne ya zo gangaren, ya miƙa ƙafa, ƙafa ba ta kai ba.

Na yarda ajali ne, ba na ja da hukuncin Allah. Amma ganganci? Haba! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bana an kawo sababbin taraktoci, na je na leƙa. Fenti ne ya sake, birkin yana can nesa inda yake. Da Yaya zai gani, dariyar nan tasa zai yi ya ce har yanzu ba a tambayi mai tuƙi ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Ɗa ya bari, Lawal, gajere kamar ubansa, kuma bana aka ba shi makulli. Uwarsa ta yi kuka, ni na ɗauko gizago. Da hannuna na ɗaure masa katako a birki, na ninka wayar.

Allah ya jiƙan Yaya. Wanda kuma yake ganin katakon nan ya ɓata kayan hukuma, kada ya tsare yaro. Rumfata tana bakin kasuwar Kurfi, ya zo ya same ni.