Mainasara Mai Kilishi da Jinyar Barakatu

Duk wanda ya saba bi ta layinmu, nan bayan rijiyar Kusugu, da la'asar sakaliya, ya san wannan. Mainasara mai kilishi zai taso daga rumfarsa ta bakin tasha, ya jingine babur a ƙofar gidansa, amma ba zai shiga ba. Sai ya tsallako gidanmu, ya yi sallama, ya ɗauki bokitin da maigidana Malam Saminu ya ware masa a banɗakin zaure. Ya cuɗa jikinsa da sabulun da ba shi da ƙamshi, har ƙarƙashin farce. Kayan aiki ya cusa su a leda ya ƙulle bakinta, ya zura wata farar riga da ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. Ya ɗan tsaya ya sha iska, ya shinshina hannunsa, sannan ya shiga wurin matarsa Barakatu. Da safe kuwa, kafin ya nufi mahauta, ya riga ya dama mata kunun tsamiya, ya share ɗaki, ya wanke kwanon amai, ya tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwayoyinta.

Ni Rabi nake, taubashiyarsa, uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yara ba ni da aikin da ya wuce tsokanarsa, kuma ba ni da niyyar dainawa. Mutum ne mai kunnuwa kamar faifai, ga rowar kilishi, kullum sai na roƙa sau uku. Amma yau na ajiye wasa gefe, don na ga abin da ya kamata mutanen Daura su ji.

Bara ne Barakatu ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Daga asibitin garin nan aka tura su Kano, can aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki aka cire, sannan aka fara sa mata wani ruwan magani ta jijiya duk bayan 'yan makonni. Maganin nan ba ya wasa. Gashi ya zube, farce ya yi baƙi, harshe ya daina gane gishiri. Abin da ba wanda ya zata shi ne hanci. Warin hayaƙi, nama, daddawa, ko turare, da zarar ya taɓa ta sai cikinta ya juya. Mainasara kuwa tun yana ɗan saurayi hayaƙin kilishi ya kama fatarsa.

Kwana da kwanaki Barakatu tana danne numfashi in ya shigo, ba ta faɗa ba. Ta ce min ta fi jin nauyin wannan a kan zubewar gashi, wai mutum ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ciyar da ke da hayaƙin nan, yau ki buɗe baki ki ce masa yana wari? Ranar da ta kasa daurewa, ta faɗa masa tana kuka. Sai ya yi dariya, ya ce ai ya daɗe da sanin yana wari, kawai dai ba mai iya faɗa wa mai riƙe da wuƙa ne. Washegari ya zo ya roƙi Malam Saminu banɗaki. A gidansa kuma aka daina ɗora miyar daddawa, shi ma ya koma cin abincinsa a rumfa.

Ba ni kaɗai na gani ba. Ku tambayi Yazid direba, wanda ke kai su Kano. Zai ba ku labarin yadda Mainasara ke zuwa tun kafin mota ta cika ya kama mata kujerar bakin taga, ya sa a cire turaren mota, ya bi fasinja ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri, don Allah mai soyayyen kifi ya bari sai an sauka. Wasu su yi tsaki, ya ƙara ba su haƙuri. Wata nas a Kano ta faɗa wa Barakatu cewa matan ɗakin nan da iyayensu mata ko 'yan'uwansu suke zuwa, ba kasafai take ganin miji riƙe da kwanon amai ba. 'Yarsu guda, Hussaina, tana aure a Damagaram da ɗanyen goyo, ni kuma ina makaranta da safe. Jinyar ta faɗo kansa, bai nemi wanda zai miƙa wa ba.

Mainasara, kai ne, ɗan mahauta, ka koyi ɗaura ɗankwali a kan da ba gashi yadda ba zai zame ba. Kai ne ka koyi wanke ciwo da hannun da ya saba feɗe sa, a hankali, ba ka taɓa yamutsa fuska ba. Ranar da zafin ciwo ya sa ta yi jifa da kofi ta ce a ƙyale ta ta mutu, zaurenmu ka shigo ka zauna ka yi kuka. Malam Saminu ya gan ka, ya yi kamar bai gani ba. Ka wanke fuska, ka koma ka dama wani kunun.

To, amma kun san bakin mutane. Labari ya bar Daura daidai, kafin ya kai ƙauyensu Barakatu a ƙasar Mashi an juya shi. Aka ce wa mahaifiyarta, Inna Safiyatu, Mainasara ƙyamar 'yarta yake yi: in ya fito daga ɗakinta sai ya tafi maƙwabta ya yi wanka, ya daina cin abincin gidan, har tukunya ya hana ɗorawa. Wallahi da na ji sai da na kusa fashewa don haushi. Wankan da yake yi don ya shiga, shi aka mayar na fita.

Ba zan ga laifin Inna ba. Tun farko ba ta so aikin ba, don ta taso tana jin cewa daji ba ya son ƙarfe da allura, kuma ƙanwarta da irin ciwon nan ta rasu bayan an kai ta asibiti a makare. Uwa ce da ta tsorata. Al'ada ma tana bayanta, domin a wurinmu in ciwon mace ya yi tsawo gidansu ake mayar da ita jinya, ba mai cewa miji ya yi laifi. Sai dai likita ya riga ya ja kunnen Mainasara: in aka yanke maganin a tsakiya, ciwon zai iya dawowa da ƙarfinsa. A ƙauye kuwa akwai mai magani yana jira, kuma duk mun san in Barakatu ta shiga motar nan, ita da Kano sai dai labari.

Ana saura 'yan kwanaki a koma asibiti, da hantsi, sai ga Inna da ɗanta Isyaku a motar haya. Ran Asabar ce, ina gida, na ruga. Na tarar ta riga ta ƙulle kayan Barakatu a zane, ita kuma Barakatu tana zaune bakin gado kai a sunkuye. Ba ta taɓa yi wa uwarta musu ba tun da aka haife ta.

Aka aika rumfa, Mainasara ya taho a guje da kayan aikinsa, duk maiƙo da yaji. Ku sani, tsakaninsa da Inna kunya ce irin ta da. Tun aurensu bai taɓa wuce gaisuwa da ita ba, daga nesa, takalmi a hannu. Ita ma ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Ranar ni ce bakin. Ta ce in faɗa masa ya shigo ya sallami matarsa. Ya ce in roƙe ta ta ba shi ɗan lokaci ya watsa ruwa. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ko saurara ba ta yi ba. Ta ce mota na jira, ko ya shigo yanzu ko su tafi ba sallama.

Ya shigo. Ko tsugunawa bai gama ba warin ya kai wa Barakatu, ta kelaya amai a jikinta, a tabarma, har ƙafar Inna. Mainasara bai tsaya tunani ba. Ya tuɓe rigar aikin ya wurga ta tsakar gida, daga shi sai singileti, a gaban surukarsa! Ya wanke hannu a buta, ya zagaya bayanta ya riƙe mata goshi har ta gama, ya kauda fuskarsa don kada numfashinsa ya kai mata. Ya goge mata baki, ya kwashe aman da hannunsa, ya jiƙa tsumma ya miƙo min in goge wa Inna ƙafa. Inna da ta ja mayafi ta rufe fuska, sai na ga ta sauke shi a hankali tana kallo. A nan na samu na faɗa mata komai, wankan, daddawar, da cin abinci a rumfa.

Sannan ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, ya durƙusa, bai bi ta kaina ba.

"Inna, ki gafarce ni, yau zan yi magana," in ji shi. "Ke kika haife ta. In kin ce a tafi, ba ni da ikon hanawa. Amma likita ya ce in aka yanke maganin nan ciwon zai dawo, ni kuma ina tsoron rasa ta. Ki zauna da mu. Ɗakina naki ne, zaure ya ishe ni. Ki ga yadda nake yi da idonki. Ranar da kika ga na gaza, ni da kaina zan ɗauko mota."

Isyaku yana ta kallon silin. Can Inna ta juya wurin 'yarta ta ce, "Ke fa?"

"Inna, ina so in ƙarasa," in ji Barakatu.

Inna ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce wa Isyaku a sauke kayan da ta zo da su, ya sallami direba, za ta kwana biyu ta gani. Kwana biyun nan sai da ya zama watanni.

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi sumul. Inna ta zo da ƙullin saiwoyi da garin hayaƙi, ta tura ƙarƙashin gado. Mainasara bai yi gardama ba, ya roƙi a ba shi ya kai wa likita ya gani. Likita ya ce addu'a dai a yi ta yi, amma kada a sha, kada a turara. Inna ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwar kowa har ni da ba ruwana. Aka kuma raba ta da man shanun da take shafawa saboda warinsa, wannan ma sai da aka sha fama. Amma da ranar Kano ta zo, ita ta fara shiga motar Yazid. Barakatu ta ce da aka soka allurar Inna ta juya ta fuskanci bango tana ta salati, hannunta ɗaya riƙe da ƙafar 'yarta har ruwan ya ƙare. Shi kuwa gogan naku yana zaure a kan tabarma duk daminar nan, sauro na cin rabonsa, ya rame har kunnuwan suka ƙara girma.

An sa ruwa na ƙarshe dab da girbin gero. Likitoci sun ce yanzu ba su ga komai ba, amma a riƙa zuwa ana dubawa, kuma ba wanda ya yi musu alkawarin gobe. Da Isyaku ya dawo ɗaukar Inna, ya kawo shawarar ko a tafi da Barakatu ta ɗan huta a gida tunda magani ya ƙare. Na gyara tsayuwa ina jiran a ba ni saƙo. Inna ba ta ko dube ni ba. Ta juya wurin Mainasara da ke durƙushe a bakin zaure.

"Malam," ta ce, "da na tafi da ita ran nan, ban san abin da zan faɗa wa Allah ba. Riƙe matarka. Allah ya yi maka albarka."

Mainasara ya sunkuyar da kai ƙasa. Ni na ce amin a madadinsa, ina share hawaye da bakin mayafi.

Na gode maka, ɗan'uwana. Na gode a madadin Barakatu, da Hussaina, da duk macen da ta taɓa kwanciya ciwo tana tunanin ko yau za a ce ta tattara kayanta. Allah ya saka maka, ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya bar ku tare.

Ku kuma mazan garin nan, da ku nake. In ciwo irin wannan ya shigo gida, kada ka tsaya jiran surukai su zo su ɗauke maka. Kai ta asibiti da wuri, ka zauna kusa da ita, ka ji abin da likita ya ce da kunnenka, ka tsaya sai an ƙarasa magani. Riƙe kwanon amai bai rage wa kowa girma ba. Iyayenmu mata, in kun ji magana, ku zo ku gani kafin ku ƙulle kaya.

Na san in aka karanta wa Mainasara wannan zai ce bai yi komai ba, Rabi ce da surutunta. Ya faɗi abin da yake so. Ni dai na san Barakatu ta ƙarasa maganinta, tana nan a ɗakinta, kuma jiya da ƙafarta ta tako har gidana ta zauna muka tsince shinkafa.