Allurar Rage Ƙiba Ta Raba Ni Da Azumi

Salamu alaikum jama'a. Na san shirun ya yi yawa. Wasu har sun ce aure na yi na ɓoye. Ina ma hakan ne. Asibiti na kwanta.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata a nan Guangzhou: in shiga kasuwar Shahe, in sa riga a jikina, in ɗauka a waya, ku zaɓa daga Kano. Matsalar ita ce jikin nawa. Duk shagon da na shiga, mai shago za ta dube ni sama da ƙasa ta ce "meyo", wato babu. Babu daidai ke. Akwai wata doguwar riga ruwan toka da na saya duk da ba ta shige ni ba, na rataye ta don haushi.

Wata abokiyar ciniki ce ta haɗa ni da wani kantin magani da ke haɗa allurar rage ƙiba da kansa. Ƙaramar kwalba ce, ba kwali, ba takardar da zan iya karantawa. Kai za ka zuƙa da sirinji ka yi wa kanka a ciki. Ta fi ta kamfani araha, kuma ba a tambayar takardar likita.

Ta yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Na fara zubewa, kuna ta rubuto min "masha Allah, kin koma yarinya". Na ji daɗi sosai.

Sai azumi ya zo.

Na tambayi wani malami ko allura tana karya azumi. Ya ce in dai ba ta abinci ba ce, ba ta karyawa. Abin da na tambaya ya amsa. Likita ne ban tambaya ba.

Ban taɓa azumi mai sauƙi irin wannan ba. Ba yunwa, ba ƙishirwa. In yini ina zaga kasuwa cikin gumi, a sha ruwa in kurɓi kofi ɗaya in ji cikina ya cika. Sahur ma na daina tashi. Har cewa nake Allah ne ya dube ni bana.

Sabuwar kwalbar da na karɓo ta fi ta farko ƙarfi, ban sani ba. Amai ya fara. Fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar shayi, daga baya ya ɗauke. Ƙafafuna suka kumbura, na ce yawo ne.

Mariama, 'yar Maraɗi da muke gida ɗaya a unguwar Panyu, ita ta tsare ni wata la'asar. Ta ce, "Ke Binta, mi ya same ki? Dubi idonki. Tashi mu tai likita." Na ce sai an sha ruwa, kar in karya azumina. Ta ce, "Wallahi ko ki tashi ko in ɗauke ki."

A asibiti sai ka biya kafin a taɓa ka. Mariama ta biya. Aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa. Likitar, wata mata mai gilashi, ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara: "Ƙodarki ta tsaya. Yaushe rabonki da shan ruwa sosai?" Na miƙa mata kwalbar allurar. Ta juya kwalbar a hannunta ta ce ba ta san me ke ciki ba, kuma ba ta san ƙarfinsa ba.

Aka sa min roba a wuya, aka fara wankin ƙoda. Ka kwanta kana kallon jininka yana fita yana dawowa, sanyi yana ratsa ka. Na ji tsoro. Na yi ta tunanin a nan za a binne ni, inda Umma ba za ta taɓa ganin kabarina ba.

Da muka yi wayar bidiyo da Umma ta ga fuskata, ta ji dalili, sai ta ce, "Wa ya ce miki ba ki da kyau, Binta? Ni na haife ki, ban taɓa ganin aibunki ba." Na kifa wayar na yi kuka.

Jarina ya tafi gaba ɗaya a gadon nan. Ban damu da shi ba kamar abin da ya biyo baya.

Alhamdulillah, ƙodar ta farfaɗo, an cire robar. Amma ba duka ta dawo ba. Ranar sallama na tambayi likitar yaushe zan rama azumin da na sha. Ta ce, "Ba ramuwa. Kar ki sake yini ba ruwa, ko bana ko baɗi." Na ce har yaushe? Ta girgiza kai kawai.

Rigar nan ruwan toka yanzu ta yi min yawa. Ko kallonta ba na son yi.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Mariama, ba ni da bakin gode miki. 'Yan'uwa na Nijar da Gana da suka yi ta zuwa da kunu, Allah ya saka.

Don Allah, kar ku soka wa jikinku abin da ba ku san me ke ciki ba. In kuna kan allurar nan, ku ga likita kafin azumi, ba malami kaɗai ba. Rashin jin ƙishirwa ba ya nufin jiki ba ya buƙatar ruwa. In fitsari ya ragu, ku tafi asibiti a ranar.

Ga wani azumin ya zo. Gidan nan kowa ya ɗauka. Ni wayata ce ke ƙara tana tuna min in sha ruwa, in shiga ɗaki in rufe ƙofa in sha ina hawaye.

In kun ɗaga kofi da magariba, ku sa ni a addu'a. Ni na sha nawa tun azahar.